Muryar Odessa

Cutler Creek, Tennessee
14 ga Agusta, 1988

Zuwa ga Baffa Hollis,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka a can tsakiyar teku. Ni ce Darlene, 'yar ɗan'uwanka Orville. Rabonka da ni ina 'yar shekara goma sha ɗaya, yanzu ina da ashirin da tara, ina tuƙa motar 'yan makaranta. Adireshinka a wajen Fasto na samo, bayan na yi masa naci har ya gaji da ni.

Ni lafiyata ƙalau. Baba ne ba lafiya. Ciwon sukari ya cinye masa ido tun bara, a watan Mayu kuma ɓarin jikinsa ya shanye. Hannun dama ya mutu, magana sai da ƙyar, kalma uku ko huɗu ya tsaya ya huta. Likita ya ce zuciyar ma ta gaji, kada mu sa ran zai ga Kirsimeti. A gabansa ya faɗa. Baba ya ce masa, "To, mun ji. Ja mana ƙofa."

Maganar motarku ta tsere, Odessa, ce ta sa na rubuto. Shekara goma sha takwas ke nan tana rumfar bayan gida, kaji na yin ƙwai a kujerar baya. Watan jiya ina ba shi abinci sai ya riƙe mini hannu ya ce yana son ya shiga cikinta a filin tseren Mista Burl, sau ɗaya tak, ya ji ta ci rubu'in mil ɗin da ake tseren a kansa. Tun da ya kwanta bai roƙe ni komai ba sai wannan. Mista Burl zai rufe filin ranar 29 ga Oktoba, sai kuma Afrilu. Baba ba shi da Afrilu.

Na ciro injin da sarƙa a reshen bishiyar tsakar gida, na kai gangar jikinsa shagon gyara sun wasa mini. Sauran kayan suna nan zube a kan tebur, ina kallonsu suna kallona. Tuƙi na iya, haɗa inji ban iya ba. In na tambayi Baba sai ya fara bayani ya gaji a hanya, wani lokaci ma ya amsa mini wani abu daban. Ku biyu kuka gina motar nan, babu na uku.

Kafin Mama ta rasu ta gaya mini cewa a tseren ƙarshe na 1970 ka tashi kafin koriyar wutar fara tsere ta kama, jar wuta ta fitar da ku, Baba ya faɗa maka magana, ka bar garin. Ba ruwana da wanda ya yi laifi. Baba bai san ina rubuto maka ba, kuma kada ka bugo waya, tana gefen gadonsa.

Don Allah, Baffa, ka koya mini a takarda.

'Yarka,
Darlene

Dandamalin haƙar mai, gaɓar Louisiana
26 ga Agusta, 1988

Darlene 'yata,

Na sami takardarki, na karanta ta sau uku a tsaye. Lafiyata lau, in ban da gwiwa da kunnen hagu da injunan nan suka kashe mini. Allah ya ba Orville sauƙi. Ban ce na yafe ba, sauƙi na roƙa masa.

Mahaifiyarki, Allah ya ji ƙanta, ta wanke miki labarin kafin ta ba ki. Abin da babanki ya ce shi ne, "Hollis, kai ba direba ba ne, koma wanke sifana." A gaban duk mutanen garin ya faɗa, da matata a tsaye. Shekara uku muna gina motar nan, na yi gaggawar ƙiftawar ido ɗaya, shi ke nan na zama mai wanke sifana. Washegari da safe na kwance injin, na zare kamshaf ɗin, na jefa shi kogi daga kan gada, na wuce.

Kada ki tsorata, akwai ɗan'uwansa. Guda biyu tsoho Pruitt ya wasa mana da hannunsa kafin ya mutu. Duba cikin koren akwatin ƙarfe, za ki ga sanda mai tozaye goma sha shida a naɗe cikin tawul. Shi ne ke buɗe bawul yana rufewa, kuma shi ne muryar motar. Saboda shi muka sa mata sunan kakarmu Odessa, don in ta tsaya tana silo, inji na juyawa ba a taka totur ba, mita take yi kamar tsohuwar in an taɓa mata tukunya. Wannan sabo ne fil, bai taɓa juyawa a cikin inji ba. Ki riƙe shi kamar jariri.

Yanzu aiki. Ki wanke komai da ruwan zafi da sabulu, ki goge da farin ƙyalle. In ƙyallen ya yi duhu, ki sake. Ki shafa mai a duk inda ƙarfe zai taɓa ƙarfe. Ɗaurin noti daga tsakiya ake farawa a yi waje, sau uku, kowane zagaye ya fi na baya ƙarfi. Duk fistin ɗin da kika sa, ki juya karanshaf da hannu. In ya cije, ki tsaya, kada ki ce za ki gwada masa ƙarfi irin na babanki. Na zana miki sauran a bayan takardar, ki yi haƙuri da zanen, ba malamin makaranta ba ne ni.

Abu ɗaya: kada ki tayar da injin sai kin rubuto mini na ba ki amsa. Tashin farko yana da ƙa'idarsa. Jirgin wasiƙu sau ɗaya yake zuwa mana a mako, ki rubuto da wuri.

Zuwa kam ba zan zo ba, kada ma ki tambaya.

Baffanki,
Hollis

Cutler Creek
9 ga Satumba, 1988

Baffa Hollis,

Ina gaishe ka, ya gwiwa? Baba yana nan jiya-i-yau, sai dai abincin ya ragu. Burodin masarar da yake so ma yanzu gutsura ɗaya yake yi ya kau da kai.

Fistin takwas sun shiga. Na biyar ya cije, na yi abin da ka ce, na tsaya, na zagi tebur, na zagi kaji, sannan na gano na sa zobe ɗaya a karkace. Farcena duk ya yi baƙi, yaran da nake ɗauka suna tambayata ko gawayi nake sayarwa. Da zarar na sauke su da safe sai in shige rumfa har lokacin tashinsu.

Na sami kamshaf ɗin a inda ka ce. Na kai wa Baba har gado. Ya bi tozayen da yatsun hagu ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe, sannan ya ce, "Wa ya gaya miki... koren akwati?" Na ce tsintarsa na yi. Ya ce, "Uhm." Ya miƙo mini shi.

In Allah ya yarda zan gama ranar 23, in tayar da ita Asabar 24. Mece ce ƙa'idar? Ka rubuto da sauri don girman Allah. Jiya numfashinsa ya sarƙe har na ɗauko makullin mota za mu tafi asibiti, sannan ya lafa. Ina lissafin kwanaki, kuma ban san nawa suka rage mini ba.

'Yarka,
Darlene

Dandamalin haƙar mai
16 ga Satumba, 1988

Darlene,

Lafiya lau nake, Allah ya ƙara masa sauƙi. Sannu da ƙoƙari, fistin na biyar ɗin nan tun muna samari haka halinsa yake.

Ga ƙa'idar, ki karanta da kyau. Sabon kamshaf ba ya son silo. In inji yana tafiya a hankali, mai ba ya fantsama ya kai kan tozayen, sai ƙarfe ya ci ƙarfe a bushe. Saboda haka tana kamawa ki taka totur, allurar da ke nuna juyin inji ta hau dubu biyu da ɗari biyar, ki riƙe ta a nan minti ashirin cur. Za ta yi ihu, maƙwabta za su fito, kare zai gudu, kada ki kula kowa. Ko gidan ne ya kama da wuta, kada ki sauke ƙafa. In wani abu ya faru, ki kashe ta gaba ɗaya, amma kada ki bar ta tana silo. Bayan minti ashirin ɗin nan ta warke, za ta yi miki mita har ki gaji da ji.

Na san za ki so ya ji muryarta nan take. Ki daure.

Ana maganar guguwa tana tahowa, sun ce watakila a ɗaure jirage a tasha. Zan ba mai jirgin takardar nan hannu da hannu.

Baffanki,
Hollis

Cutler Creek
29 ga Satumba, 1988

Baffa,

Ina fatan guguwar ta bar ku lafiya. Ni ba lafiya nake ba. Na kashe Odessa.

Takardarka jiya Laraba ta iso, kwana huɗu bayan an gama komai. Na jira ta, Allah ne shaidata. Kullum ina bakin akwatin wasiƙu kafin mai kawowa ya iso. Ranar Juma'a Baba ya wuni bai gane ni ba, yana kirana da sunan Mama. Da ya farfaɗo ranar Asabar da safe sai na ce ba zan ƙara jiran kowa ba.

Na turo shi a keken guragu har rumfa, na lulluɓe masa ƙafa da bargo. Murɗawa ta uku ta kama. Baffa, kwanon rumfar nan sai da ya yi rawa. Don tsoron kada ta mutu sai na danne totur, allura ta yi sama, na riƙe. Ban fi minti ɗaya a haka ba sai Baba ya ɗaga hannun hagu.

Ya ce, "Sauke ƙafa."

Na ce, "Baba, za ta mutu fa."

Ya ce, "Sauke. Bar ta... ta yi silo."

Na sauke. Sai ga muryar da ka faɗa, tana gurnani tana sarƙewa kamar za ta tsaya, sai ta sake kamawa. Ya ce in matso da shi. Ya ɗora tafinsa a jikin motar, hawaye na zuba, yana dariya da rabin bakin da ya rage masa. Minti arba'in muna haka. Duk lokacin da na kai ƙafa kan totur sai ya buga ƙarfen da hannu. Ban taɓa yin farin ciki irin na ranar ba, ni shashasha.

Ranar Litinin na sake tayar da ita na ji wani ƙas-ƙas a sama. Na juye man, yana ƙyalli kamar an zuba masa garin azurfa. Mai shagon gyara ya zo ya duba, ya ce tozaye uku sun cinye sun zama sumul, kuma garin ƙarfen ya bi ko'ina, sai an sake kwance injin gaba ɗaya an wanke. Ya tambaye ni wane mahaukaci ne ya bar sabon kamshaf yana silo. Na ce ni ce.

Ban gaya wa Baba ba. Ciwon ya tafi da abin da ya sani, ba zan ɗora masa wannan ba. Kullum yana tambayata saura kwana nawa a je filin Burl, ni kuma ina faɗa masa.

Wankewar zan yi, ko hannuna zai tsage. Amma Baffa, ina roƙonka ka ce mini ƙarya ka yi. Don Allah ka ce ba ka jefa ɗayan a kogi ba. Na durƙusa maka.

Darlene

Dandamalin haƙar mai
6 ga Oktoba, 1988

Darlene,

Muna lafiya, guguwar ta wuce ta gefe. Allah ya ba mai jiki sauƙi.

Abu ɗaya na ce kada ki yi. Ɗaya! Na rubuta shi da hannuna: kada ki tayar sai kin ji daga gare ni. Tsoho Pruitt ya yi wata guda yana wasa ƙarfen nan, ya yi shekara goma sha takwas yana jira a cikin tawul, kin zo kin cinye shi a minti arba'in don ki ji daɗin ƙara. Jinin Orville ne a jikinki, ba ku jin magana, sai abu ya ɓaci ku nemi Hollis.

Abin da ke kogi yana kogi. Ki je shago su sayo miki na kasuwa, kowane iri, zai tayar da mota. Makaho ne, ba zai ga bambanci ba.

Kin ce bai san kina rubuto mini ba. To, mutumin da ko sunana ba a iya faɗa a gabansa, me zan kawo masa? In yana da magana da ni, yana da baki, ko rabi ne.

Hollis

Cutler Creek
11 ga Oktoba, 1988

Baffa Hollis,

Ina gaishe ka don Mama ta koya mini gaida manya, ba don raina yana so ba. Baba ya daina tashi zaune sai an tallafe shi. Ƙafafunsa sun kumbura. Likita ya zo jiya, a bakin ƙofa ya ce mini in daina maganar Kirsimeti.

Ka zage ni, na karɓa. Amma ka ce makaho ne ba zai ga bambanci ba. Kai da ka san shi! Mutumin da yake gane ƙarar motar Fasto tun tana kan gada?

Na gaya masa gaskiya ranar Lahadi, don na gaji da ƙarya. Na zauna a bakin gado na ce, "Baba, na lalata kamshaf ɗin." Na jira ya yi faɗa. Ko gezau. Na ce mai shago zai samo mana na kasuwa. Ya girgiza kai ya ce, "Ba muryarta ba ce. Kar ki sa." Na ce to Baba babu wani ai, ɗayan yana kogi. Sai na tuna bai kamata in san wannan ba, na rufe bakina, amma magana ta riga ta fita.

Ka san me ya ce? Ya ce, "Hollis... ko lanƙwasasshiyar ƙusa... bai taɓa yarwa ba." Ya juya fuskarsa bango.

Ban san me zan yi da wannan maganar ba. Na wanke injin sau biyu, ƙyalle fari yana fita fari. Komai yana kan tebur yana jiran abu ɗaya. Saura kwana goma sha takwas. In babu, ka ce babu in ji da kyau, in je in gaya masa ba za shi filin Burl ba. Amma kai za ka ba ni kalmomin da zan faɗa, don ni ba ni da su.

Darlene

Dandamalin haƙar mai
18 ga Oktoba, 1988

'Yata Darlene,

Lafiyata lau, kunyarki kawai nake ji. Ki yafe wa tsoho.

Da takardarki ta zo, sai na ɗauko ta 29 ga Satumba na sake karantawa. Wancan karon na ga "na kashe Odessa", idona ya rufe, sauran duk a guje na bi. Na ɗauka ke kika sauke ƙafa don ra'ayin kanki. Ashe ke kin riƙe totur daidai, ba tare da kowa ya koya miki ba. Shi ne ya ce ki sauke.

Darlene, wa kike tsammani ya koya mini ƙa'idar minti ashirin? Orville ne. Ina ɗan shekara goma sha bakwai ya mare ni a ƙeya a kanta. Mutumin nan zai manta sunansa kafin ya manta wannan. Ba ciwo ba ne ya sa shi. Tun ranar da kika kai masa abin da ke cikin koren akwati ya san da wa kike magana. Yana sane ya ƙona ƙarfen tsoho Pruitt, don ya san saura ɗaya a duniya, ya kuma san a hannun wa yake. Ya gwammace ya kashe inji da ya buɗe baki ya ce "Hollis, zo." Kai, Orville! Na zauna a bakin gadona ina zaginsa ina kuka, abokin ɗakina ya ɗauka mutuwa aka yi mini.

Ban jefa shi a kogi ba. Na tsaya a kan gadar, na ɗaga hannu, na kasa. Yana ƙarƙashin gadona a gari, da tafet ɗinsa goma sha shida, ƙananan ƙarafan da ke hawa kan tozayen, a jere cikin kwalin ƙwai, kowane a gurbinsa yadda na zare su. Ya riga ya sha wuyarsa tun 1969, ba ya buƙatar minti ashirin. Amma kowane tafet sai ya koma kan tozonsa, in aka musanya ɗaya an gama. Shi ya sa ba zan sa shi a gidan waya ba, kuma ba zan ba kowa ba.

Shugabanmu ya ba ni kwana goma, da ƙyar da ɓacin rai. Zan bi jirgin Alhamis, in hau bas, Asabar ina wurinku, watakila in riga takardar nan isowa. Ki kori kajin daga kujerar baya. Ki ce masa ya jira ni, in ya kuskura ya mutu kafin in zo, ni da shi ne.

Baffanki,
Hollis

Cutler Creek
15 ga Nuwamba, 1988

Baffa,

Ina gaishe ka, ina fatan ka koma aiki lafiya. Na san saƙon Fasto ya same ka ta rediyon dandamali, amma ina son ka ji daga gare ni. Baba ya rasu ranar Laraba 9 ga wata, da hantsi, ina goge masa fuska. Bai sha wahala ba. Mun binne shi kusa da Mama. Mista Burl ya zo, ya ce tun da ya buɗe filinsa bai taɓa barin mutum biyu su shiga motar tsere ɗaya ba sai ku, kuma bai yi nadama ba.

Na gode, Baffa. Ban iya faɗa ba ranar da na kai ka tasha. Kwana shida kuna rumfa ɗaya, kai kana ɗauri, shi yana kan kekensa yana cewa, "Ya yi yawa," kai kana cewa, "Rufe mana baki, makaho." Ban ji ɗayanku ya ce yi haƙuri ba. Na yi ta jira har na gaji.

Akwai abin da yake damuna. Ina tsaye a bakin shingen filin ranar, na ga komai. Mun ɗaure shi a kujera da bel da matasai. Kun zo kan layi, fitilun rawaya suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya, kafin koriya ta kama Odessa ta ɗaga hanci ta tafi. Jar wuta ta kama. Wani tsoho a bayana ya ce, "Hollis dai Hollis ne." Ni kuwa na ce shi ke nan, an koma gidan jiya.

Da kuka dawo fuskar Baba a jiƙe take, kai kuma ka ƙi kallon kowa. Na tambaye shi sau biyu kafin ya rasu, sai ya yi murmushi ya ce in tambayi direba. Haka ya ce, direba.

Me ya faru a cikin motar nan?

'Yarka,
Darlene

Dandamalin haƙar mai
27 ga Nuwamba, 1988

Darlene 'yata,

Ina yi miki gaisuwa, ina yi wa kaina. Allah ya ji ƙansa, ya ba mu haƙuri. Jikina lafiya. Sauran kuma sai a hankali. Ya yi mini zafi da ban ɗauki akwatin gawarsa ba, zan daɗe ina jin wannan.

Ga abin da ya faru. Da muka tsaya kan layi, na kafa wa fitilun ido. Shekara goma sha takwas ina mafarkin fitilun nan. Na rantse a raina ko za a yi shekara ba zan motsa ba sai na ga koriya da idona biyu. Odessa tana ta mita a ƙarƙashinmu. Sai ya juyo da kansa wajena ya ce, "Ka makara... da zuwa."

Na ce, "Kai kuma ka kashe kamshaf mai kyau, tsohon banza."

Ya ce, "Ya yi aikinsa."

Na ɗaga allura sama, rawaya ta farko ta kama. Sai na ji hannunsa na hagu a gwiwata, ya matse. Ya ce, "Taka."

Na ce, "Orville, wuta ba ta ba mu hannu ba."

Ya ce, "Ba ni da lokacin... jiran wuta. Taka, direba."

Na taka.

Ban san yadda zan gaya miki daƙiƙa goma sha biyun nan ba. Ihu yake yi tun daga layi har ƙarshe, da cikakkiyar murya, irin wadda na san shi da ita muna samari, babu sarƙewa ko ɗaya. Da na tsaya a can ƙarshen fili, sai na kashe injin. Bai cire hannunsa daga gwiwata ba, ni ma ban ce ya cire ba. Abin da kika yi ta jira a rumfa ki ji, a nan aka yi shi, kuma ba da baki ba.

Ga 'yar takardar lokacin da Mista Burl ya ba ni, na sa miki a ciki. An rubuta an fitar da mu saboda jar wuta. Ki ajiye ta a cikin koren akwati, kada ki bari kowa ya gyara labarin.

Ki riƙa tayar da Odessa duk Lahadi bayan coci, kada batir ya mutu. Yanzu kina iya barinta ta yi silo yadda kike so.

Baffanki,
Hollis